Babur mai taya huɗu a bayan a-kori-kura: awo, ɗorawa da ɗauri

Tambaya: Ina da a-kori-kura mai ƙofa huɗu, tsawon bodinta mita 1.7. Na sayi babur mai taya huɗu irin na shiga daji da gona, takardarsa ta ce nauyinsa kilo 320. Zan iya ɗaukarsa a bodi, ko dole sai na nemi ƙaramar tirela? Idan zai yiwu, yaya zan ɗora shi, yaya kuma zan ɗaure shi?

Amsa: Malam, zai yiwu, kuma mutane da yawa haka suke yi. Amma da bodi mai mita 1.7 kana bakin iyaka ne, don haka kafin ka sayi tsani (gangaren ƙarfe da babur zai bi ya hau bodi) ko bel na ɗaure kaya, ɗauki tef ɗin awo ka fita wajen motar. Yawancin ɓarnar da ake yi a wannan aiki ba a kan titi take faruwa ba. Tana faruwa ne a 'yan daƙiƙun da babur yake tsakanin ƙasa da bodi, kuma kusan kullum dalilinta abu ne da aka ƙiyasta da ido ba a auna ba, ko aka jingina ba a ɗaure ba.

Fara da nauyi. Kilo 320 ɗin da ke takarda sau da yawa nauyin babur ne ba mai a cikinsa. Ka zuba fetur lita 15 zuwa 20, ga man inji, ga winci (na'urar ja mai naɗe waya) idan an ɗaura masa, ga akwatin kaya a kariya (ƙarfen ɗora kaya), sai ka ga ya kai kilo 360. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, a motoci da yawa akwai takarda manne da ke faɗin jimillar nauyin mutane da kaya da motar za ta iya ɗauka. Wannan adadi ya haɗa da kai kanka da duk wanda ke cikin mota. A ce ku huɗu ne, kilo 300 ke nan, babur 360, tsani 20, jakunkuna da jarkar mai 50. An kai 730. Idan takardar ta ce 650, ka wuce, ko da bodin yana da sauran fili. Irin waɗannan motoci abin da suke ɗauka yakan kama daga wajen kilo 500 zuwa tan guda, kuma mota iri ɗaya ma takan bambanta da 'yar'uwarta saboda inji da yawan ƙofofi, shi ya sa takardar motarka ita ce hujja, ba abin da wani ya ce tasa tana ɗauka ba.

Sai faɗi. Auna tsakanin tudun taya biyu da ke cikin bodi. A manyan a-kori-kura na Amurka wurin yakan kai mita 1.27 zuwa 1.30, don an yi shi ne yadda fallen katako mai faɗin mita 1.22 zai kwanta. A matsakaita kuwa yakan tsaya tsakanin 1.05 da 1.15. Baburan aiki masu taya huɗu faɗinsu daga bakin taya zuwa bakin taya yakan kai 1.15 zuwa 1.25. Ka ga ke nan a matsakaiciyar mota tayoyin gaba ba za su wuce ta tsakiya ba, sai sun hau tudun sun sauka. Wannan hawa na biyu shi ke sa mutum ya ƙara totur a cikin bodi, babur ya yi tsalle ya daki gilashin baya. Maganinsa a shimfiɗa katakai masu kauri a gaba da bayan tudun, a mayar da shi gangara mai sauƙi, a kuma kafe katakan yadda ba za su zame ba.

Tsawo kuwa, mutane sukan auna abin da ba shi ne muhimmi ba. Ba tsawon babur gaba ɗaya kake nema ba, wanda yakan kai mita 2 zuwa 2.2. Abin da kake nema shi ne nisa daga wurin da ya fi fitowa a gaba zuwa tsakiyar tayar baya, domin nan ne nauyi yake sauka. Babur mai tazarar mita 1.3 tsakanin tayar gaba da ta baya, da taya mai tsayin santimita 63, zai ba ka kusan mita 1.62. Ƙara katakon da za ka sa a gaba don kare gilashi, an kai 1.72 ko fiye. Wato a motarka tayoyin baya za su zauna daidai kan mahaɗar bodi da ƙofar baya, ko ma a kan ƙofar kanta. Rufe ƙofa ba ya cikin lissafi. Wannan sai bodi mai mita 2 a wasu baburan, ko mai 2.4.

To, a nan zan ɗan daɗe, domin ƙofar baya ita ce wurin da ya fi rauni a duk wannan tsari. A motoci da yawa wayoyin ƙarfe biyu ne suke riƙe da ita a kwance, kuma an lulluɓe su da roba, don haka tsatsa takan ci su ta ciki ba a gani. Ba ƙaramar magana ba ce: a 2004 kamfanin General Motors ya yi kiranyen motoci kimanin miliyan 4 saboda wayoyin ƙofar baya da tsatsa ke cinyewa har su tsinke. Ka lanƙwasa kowace waya da hannu ka duba. Idan robar ta tsage, ko ta kumbura a wani wuri, ko ka ga jan ruwan tsatsa a bakin da aka matse, canja duka biyun. Sannan ka sani nauyin da ƙofa take ɗauka a tsaye daban ne da wanda take sha a tafiya. Duk ramin da mota ta faɗa, bayan babur yana ɗagawa ya dawo ya buga ƙofar kamar guduma, sau ɗaruruwa a tafiya guda. Abu biyu ke rage wannan. Na farko, shimfiɗa fallen katako mai kaurin milimita 18 zuwa 20, ko falankai biyu masu kauri, daga cikin bodi har su rufe ƙofar, yadda nauyin zai rabu ya koma kan bodi. Na biyu, akwai sandunan ƙarfe da ake sayarwa masu kama makullin ƙofa da jikin bodi, suna taya wayoyin ɗaukar kaya. Littafin motarka yana iya faɗin nauyin da ƙofar ke ɗauka. Idan ya faɗa, kada ka wuce shi. Idan kuma awo ya nuna tayoyin baya za su zauna can bakin ƙofa, ni shawarata ka haƙura ka nemi tirela.

Akwai wani dalilin kuma. Duk nauyin da ya zauna bayan aksil ɗin baya yana ɗaga gaban mota. A ce tazarar tayoyin motar mita 3.6 ce, kuma tsakiyar nauyin kilo 350 ya faɗi rabin mita bayan aksil: gaba zai yi sauƙi da kusan kilo 50, baya kuma ya ɗauki kusan 400. Sitiyari zai yi sako-sako, fitilun gaba su kalli sama su kashe wa masu tahowa ido. Shi ya sa ake tura babur gaba iyakar yadda zai yiwu, a kuma ba tayoyin baya na mota iska daidai da abin da takardar ƙofa ta ce na cikakken kaya.

Yanzu tsani. Tsayin bodi daga ƙasa yakan kai santimita 80 zuwa 95, fiye da haka idan an ɗaga motar. Da tsayin santimita 90, tsani mai mita 1.8 zai tsaya a digiri 30, wanda ya yi tsaye da yawa ga mai hawa a kan babur. Mai mita 2.3 zai ba ka digiri 23, mai mita 3 kuma ƙasa da 18. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce tsawon tsani ya kai ninki uku na tsayin bodi. Idan naka gajere ne, rage tsayin: sa tayoyin baya na mota a ɗan kwari, ko ka ja da baya zuwa gindin wani tudu ka ɗora ƙafar tsanin a kansa. Rage santimita 30 kawai yana mayar da digiri 23 zuwa 15, kuma duk wanda ya gwada biyun ya san bambancin ba kaɗan ba ne. Tsani mai ɗan lanƙwasa a sama ya fi miƙaƙƙe, don ba ya barin cikin babur ya goga bakin ƙofa.

Karanta nauyin da aka rubuta a jikinsa da kyau, ka gane ko na ɗaya ne ko na biyun a haɗe. Kuma lissafin ya haɗa da kai: babur 360 da mahayi 80 ya zama 440, don haka nemi wanda ya wuce wannan da rata mai kyau, kamar kilo 600 zuwa 700. Falankin katako ba tsani ba ne. Yana santsi da ya jiƙe, kuma idan zai karye ba ya sallama.

Babban haɗari a wannan aiki shi ne zamewar tsani, kuma yana da kyau ka gane yadda abin yake faruwa. Lokacin da tayoyin gaba suka hau ƙofa, na baya suna kan tsani suna tura babur gaba. Turawar nan tana nufin suna harba tsanin baya. Nauyin gaba ya riga ya bar shi, ba abin da ke danne leɓensa a kan ƙofa, sai ya fice. Bayan babur ya faɗi ƙasa, gaba yana sama, ya kife da baya a kan mahayi da nauyin kilo ɗari uku da wani abu. Duk wannan bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Saboda haka kowane tsani sai an ɗaure shi da bel zuwa wani ƙarfe mai ƙarfi a ƙarƙashin mota, kamar wurin jan tirela ko shasi, a ja shi ya yi tsam yadda yake janyo tsanin zuwa jikin mota. Ka sa ƙafa ka harbi tsanin baya da ƙarfi. In ya motsa, bai ɗauru ba. Kada a ɗaure a jikin ƙofar ko bamba ta roba.

Motar ta tsaya a wuri mai tauri, ba a karkace gefe ba, a ja birkin hannu, a sa ta a giya, a sa weji a tayoyi. Daidaita tsani biyun su zo tsakiyar tayoyin babur, ka auna da tef ko ka turo babur gindinsu ka gani. Kankare laka daga tayoyin, ka share bodin, musamman idan an shimfiɗa masa roba mai tauri, wadda take santsi kamar sabulu idan ta jiƙe.

Hanya mafi aminci ita ce kada kowa ya hau. Idan babur yana da winci, maƙala ƙugiyarsa a wuri mai ƙarfi a gaban bodi, zai fi kyau da bel da aka ɗaura tsakanin zobba biyu na gaba don su raba nauyin, ka sa babur a furi, ka tsaya a gefe kana jansa a hankali kana gyara kan. Idan dole sai an hau, sa hular kwano, kai kaɗai, kuma kada kowa ya tsaya a baya ko tsakanin babur da kan mota. Sa fowil, wato tayoyi huɗu duka su ja, sa ƙaramar giya. Wannan na da dalili: yawancin waɗannan babura da bel na cikin inji suke tafiya, kuma a babbar giya bel ɗin yakan zame a hawa sannan ya kama da fizga, fizgar da take ɗaga gaba. Miƙe tsaye a kan matakai, ka kwanto da ƙirjinka wajen kan babur. Taho a miƙe daga mita biyu ko uku, da saurin tafiyar ƙafa, totur ɗaya ba ƙari ba ragi. Da zarar tayoyin baya sun hau ƙofa, saki totur ka kama birki, ragowar tafiyar a yi ta taku-taku.

Idan ya tsaya maka a tsakiyar tsani, kada ka danna totur don ka ƙwace. Kama birki, ka bar nauyinka a gaba, ka sulalo baya a hankali da birkin gaba, ka sake shiri. Taka birkin baya da ƙarfi alhali babur yana komawa baya shi ma yana kifar da shi.

Kafin ka hau ma, ka riga ka sa abin tsayawa a gaban bodi. A babura da yawa bamba ko kariyar gaba ko winci sun fi taya fitowa, kuma tsayinsu yakan zo daidai gilashin baya ko leɓen bodi. Gungumen katako mai santimita 10 zuwa 15 da aka kwantar a gindin bangon gaba zai sa tayoyi su tsaya kafin ƙarfe ya taɓa komai. Bar tazarar da ta kai tafin hannu tsakanin babur da gilashi, domin bodi da kan mota ba a haɗe suke ba, kowanne yana motsinsa a kan gargada.

Ɗauri. Ƙa'idojin ɗaure kaya na manyan motoci a Amurka da Turai sun ginu ne a kan cewa kaya zai iya turawa gaba da kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa idan an taka birki da ƙarfi, da kashi 50 zuwa gefe ko baya. Ga babur mai kilo 360, turawar gaba ta kusa kilo 290. Birkin babur da giyarsa ba za su riƙe wannan ba, don tayoyin za su ja ne a kan ƙarfe. Ana buƙatar bel huɗu masu racet (maɗaurin ƙarfe da ake matse bel da shi), ɗaya a kowace kusurwa: biyu na gaba suna ja gaba da gefe, biyu na baya suna ja baya da gefe, duka suna dannawa ƙasa. A jikin kowane bel akwai ɗan ƙyalle da lamba biyu. Babbar ita ce inda yake tsinkewa, ƙaramar, wadda ake rubuta wa WLL ko LC, ita ce ta aiki, kuma ita za ka duba. Bel mai faɗin milimita 38 mai ɗaukar wajen kilo 400 zuwa 500 ya wadatar. Bel ɗin da ya fara zarewa, ko rana ta ƙona shi ya yi fari, ko aka ƙulla shi a tsakiya, a jefar. Igiyar roba mai miƙewa ba ta cikin wannan magana ko kaɗan. Zobban bodi su ma suna da iyakarsu, ka duba littafi, ka kuma tabbata notinsu bai yi sako-sako ba.

A jikin babur, kama firam, ko wurin jan kaya na baya, ko bambar ƙarfe da aka ɗaure kai tsaye da firam. Kada ka kama kariya, ko kan babur, ko sandunan sitiyari, kuma ka lura kada bel ya danne bututun birki, ko robar da ke rufe mahaɗar aksil, ko ya taɓa salansa mai zafi. Wayar winci ba abin ɗauri ba ce. Bugun hanya yana lalata giyoyinsa, kuma yana iya saki.

Ga wani abu da ke ba mutane mamaki: sun ɗaure tsam, bayan kilomita ashirin sai su tarar da ƙugiya tana lilo. Dalili shi ne babur yana da nasa sifirin. Mota ta faɗa rami, jikin babur ya nutse, bel ya saki na ɗan lokaci, buɗaɗɗiyar ƙugiya ta fita daga zobe. Idan firam ka kama, ja bel ɗin har babur ya nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyar sifirinsa, kana ja kaɗan-kaɗan kusurwa bayan kusurwa don kada ya karkace, kuma yi amfani da ƙugiya mai marfi. Kada ka matse shi har ƙarshe. Hanya ta biyu, wadda na fi so in bodi ya ba da dama, ita ce a ɗaure tayoyin kansu da bel mai rungumar taya, a bar jikin babur ya yi ta motsinsa a sama, ɗaurin ba ya saki. Sai dai ka tuna iskar waɗannan tayoyi kaɗan ce, wajen fam 4 zuwa 7 a ma'aunin iska (psi), don haka tayar da ke sace iska za ta saki ɗauri ko ta wace hanya ka bi. Duba iskarsu kafin ka ɗaure.

Bayan haka sa babur a giyar tsayawa, ja birkinsa, cire makulli. In mai kafireta ne, rufe famfon mai, don girgiza tana sa fetur ya malala. Cire gilashin iska idan yana da shi, tabbatar kujera ta kama, kwashe duk abin da ke kan kariya. Naɗe jelar kowane bel ka ƙulle, domin jelar da ta sauka ta naɗe a tayar mota tana iya fizge ɗaurin gaba ɗaya. Murɗa bel rabin juyi a inda yake da dogon fili yana hana shi kaɗawa da iska. Tsanin ma kaya ne, tura shi ƙarƙashin babur ka ɗaure shi da nasa bel. Tsaya a baya ka duba ko fitilu da lambar mota suna ganuwa da ƙofa a kwance. Dokar kayan da suka fito bayan mota ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A yawancin jihohin Amurka abin da ya wuce mita 1.2 sai an ɗaura masa jan ƙyalle, don haka bincika ta inda kake. Idan kuma kana jan tirela a lokaci guda, ƙofar da ke kwance tana iya dukan jak ɗin tirelar a kwana, kuma nauyin da tirela ke dannawa a bayan mota yana cikin lissafin farko.

A hanya, tsaya bayan kilomita 10 zuwa 15 ka taɓa kowane bel, domin a nan ne kaya yake zama, ɗauri ya saki. Daga nan duk tsayawar da ka yi ka sake dubawa, haka ma bayan ruwan sama ko doguwar gargada. Nauyin yana sama, don haka motar za ta fi kwantawa a kwana, birki kuma zai buƙaci ƙarin fili.

Saukewa tana buƙatar natsuwa iri ɗaya, kuma a nan ne gajiya take sa a yi sakaci. Nemi wuri mai kyau, weji, birkin hannu, ɗaure tsani kamar farko, ka sake auna tazararsu da tayoyin baya tunda yanzu ba ka ganinsu sosai. Tabbatar birkin babur yana kame kafin ka saki bel, ka fara da na baya, na gaba su zama na ƙarshe. Sa ribas a fowil, kan babur a miƙe, nauyinka a gaba. Totur kaɗan har tayoyin baya su hau tsani, daga nan ka saki, nauyinsa ne zai sauko da shi, kai kuma kana riƙe da birkin gaba kana sassautawa. Yayin da nauyi yake barin bodi motar tana ɗagowa da 'yan santimita, leɓen tsani yana motsi a kan ƙofa, don haka kada ka juya kan babur sai tayoyi huɗun sun taka ƙasa.